Ƙofar Zuciyar Mama

Ɗakin hoton zuciya yana can ƙarshen baranda a hawa na biyu na asibitin, bayan wurin ɗibar jini. Ba shi da taga. Gado ɗaya ne a ciki, da kujera mai tayoyi, da na'urar da ake leƙa zuciya da ita, sai wani labule mai ruwan toka da aka rataya saboda masu tuɓe riga. A nan matar da kowa ke kira Anti take aiki. Likitoci Anti suke ce mata, masu shara ma haka, har shugaban sashen da ya girme ta nesa ba kusa ba.

Ta haura hamsin, doguwa ce, magana ba ta dame ta ba. Mijinta malamin makaranta ne, ya rasu a haɗarin mota shekaru masu yawa da suka wuce. Ba su haihu ba, ita kuma ba ta sake aure ba. Bayan rasuwarsa ne ta koma karatu ta koyi wannan aikin, ta kama hayar ɗaki biyu a ƙasan wani bene kusa da tashar bas, tana zaune ita kaɗai.

Aikin ya dace da halinta. Mara lafiya zai shigo, ta rage hasken ɗakin, ta sa shi ya kwanta a gefen hagu ya tura hannu ƙarƙashin kai. Sai ta shafa masa wani mai mai sanyi da yauƙi a ƙirji, ta danna kan na'urar a tsakanin haƙarƙari, zuciyarsa ta bayyana a allo tana motsi, fari da baƙi. Ta auna abin da za ta auna, ta miƙa wa likita, shi ke nan. Ta ga cikin ƙirjin mutane ba iyaka, amma in sun haɗu a kasuwa babu mai gane ta, don a duhu suka san ta, kuma bayansu suke juya mata.

Wata ranar aiki layi ya yi tsawo, don abokiyar aikinta ta tafi hutun haihuwa. Anti tana goge kan na'urar, ta ba ƙofa baya, sai ta ji nas tana fama da wata tsohuwa da ta ƙi hawa keken marasa lafiya. Tsohuwar tana cewa ƙafafunta biyu ba aro ta yi ba, numfashi ne kawai ke mata rowa. Anti ta ce a shigo da ita, ba tare da ta juya ba, ta fara bayanin da take yi wa kowa.

Tsohuwar ta katse ta. "Shiru-shiru, ke ce?"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta da wannan sunan. Anti ta juya da tsumman a hannu. Surukarta ce, uwar mijinta, ta rame ta ƙanƙance, tana dogara sanda, amma idanun suna nan yadda ta san su, masu neman abin dariya a fuskar mutum.

"Mama," ta ce.

Sun zauna gida ɗaya shekaru bayan aurenta. Mama ta yi aiki a ofishin waya tun zamanin da sai an bi ta hannun mutum kafin a haɗa layi, takan ce ita kaɗai ce a dangi aka taɓa biya albashi don surutu. Da aka kawo mata suruka wadda sai ta yini ba ta furta kalma goma ba, sai ta laƙaba mata Shiru-shiru, ta ce Allah ne ya dubi kunnuwan ɗanta ya tausaya masa. Ba su taɓa saɓawa ba. Bayan rasuwar, Anti ta riƙa zuwa gaishe ta, amma duk zuwan da ta yi sai su zauna su yi kuka, kowace tana ganin marigayin a jikin ɗayar. Sannu a hankali tazarar ta ƙaru. Mama ta sauya gida, lambobin waya suka canja, shekara ta bi shekara. Babu wadda ta yi wa wata laifi. Zumunta a ƙafa take, ƙafar ce ta yi nauyi.

A ƙa'ida, da abokiyar aikin tana nan, ita ya kamata ta yi wannan hoton, don ba a so ma'aikaci ya duba danginsa. Tunda ba ta nan, Anti ta taimaka wa Mama ta tuɓe, ta kwantar da ita, ta rufa mata zane. Ta murza man a tafin hannunta tukuna don ya rage sanyi, abin da ba ta cika samun sukunin yi wa kowa ba.

Mama tana kwance tana fuskantar bango, ta ba da labarin abin da ya kawo ta. Wata da watanni ke nan in ta hau bene sai ƙirjinta ya riƙe kamar an ɗora mata dutse, numfashi ya tsaya a wuya. Ta ɗauka tsufa ne. Sai makon jiya, tana dawowa daga shago da ledar kaya a hannu, ta ga matakala ta juya, ba ta farka ba sai a hannun maƙwabta, lemunanta sun gangara har ƙasa. Likitan unguwa ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe, sannan ya turo ta nan. Anti ta tambaye ta da wa suka zo. Ta ce ita da sandarta. Auta, 'yarta da ta rage, tana wata ƙasa mai nisa da mijinta da 'ya'ya, kuma ba ta gaya mata ba, don me za ta tayar wa yarinya hankali a kan faɗuwa ɗaya.

Anti tana ji, idonta yana kan allo. A bakin babban ɗakin zuciya, inda jini ke fita ya shiga babbar jijiyar da ke raba shi ga jiki, akwai ƙofa mai marafa uku. A zuciya mai lafiya marafan sirara ne, suna buɗewa gaba ɗaya su rufe, da sauri kamar ƙiftawar ido. Na Mama sun yi kauri, sun yi fari fat a allon saboda ƙandarewa, sun manne da juna. Duk bugun da zuciyar ta yi, 'yar tsaga ce kawai take buɗewa. Bangon zuciyar kuma ya yi kauri, irin na wadda ta daɗe tana tura kaya ta ƙofar da ta ƙi buɗuwa.

Ta kunna sautin don ta auna gudun jinin. Ɗakin ya cika da wata ƙara mai kaushi, tana tashi tana sauka.

"Wannan tawa ce?" in ji Mama. "Kamar ana zarto a shagon kafinta."

Anti ta yi murmushin da Mama ba ta gani ba. Ta san lissafin: gwargwadon ƙuncin ƙofa, gwargwadon gudun jinin da ke matsewa ta cikinta. Lambar da ta fito ta wuce inda ake cewa abu ya yi tsanani. Ta matsar da kan na'urar zuwa ƙasan nono ta sake aunawa. Ta juya Mama gefen dama ta auna, ta sa ta ɗaga haɓa ta auna ta ramin wuya. Haka aikin yake, ana leƙawa ta kowace kusurwa, amma ita a ranta tana neman kusurwar da za ta ba ta ƙaramar lamba. A gefen dama ma sai lambar ta ƙara hawa. Doka ita ce a ɗauki mafi girma. Ta ɗauke ta.

Tana goge mata ƙirji Mama ta tambaye ta abin da ta gani. Anti ta ce likita ne zai yi mata bayani, don ba hurumin mai hoto ba ne faɗin sakamako.

Mama ta dube ta ta ce, "Na san shirunki kala-kala, 'yar nan. Na yau ya fi na kullum nauyi."

Anti ta roƙi nas ta ba masu jira haƙuri, ta raka Mama ofishin likitan zuciya da kanta. Likitan matashi ne mai saurin magana, amma da ya ga Anti ta ja kujera ta zauna sai ya sassauta. Ya tambayi yadda suke. Mama ta ce matar ɗanta ce. Ba ta ce marigayi ba, Anti kuma ba ta gyara mata ba.

Ya juyo da allonsa ya nuna mata ƙofar. Ya ce magani ba ya buɗe irin wannan, sai dai a sauya ta. Saboda shekarunta ba za su tsaga ƙirji ba. Za su bi ta jijiyar cinya su tura sabuwar ƙofa a naɗe, su buɗe ta a cikin tsohuwar. Ya ce tunda har ta fara suma, jinkiri ba alheri ba ne. Kafin nan ba ɗaukar kaya, ba gaggawa a bene, ba doguwar tafiya, balle hawa jirgi.

Mama ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Sannan ta ce wanda ya yi ƙofar shi ya san ranar da zai rufe ta, ita ba za a zura mata ƙarfe a jijiya da tsufanta ba. Likitan ya dubi Anti. Anti ta dubi ƙasa.

Da aka tashi daga aiki ta sami Mama zaune a benci a bakin asibitin, wai tana hutawa kafin ta nemi bas. Anti ta tsayar da tasi ta kai ta gida. Ɗakin Mama a hawa na uku yake, ginin ba lif mai hawa da mutane, sai matakala. A kowane hawa sai ta tsaya ta kama ƙarfen matakala, ta ƙirƙiro labarin da wai dole a tsaye za a ba da shi, Anti kuma ta yi kamar ba ta ji yadda numfashin ke fita ba. Ɗakin tsaf yake. Kujera ɗaya, kofi ɗaya a kife, rediyo a kan taga. A kan tebur akwai tsohuwar waya mai murɗawa wadda ba a haɗa ta da komai ba, Mama ta ce kyautar sallama ce daga wurin aiki, ita kaɗai ce wayar da ba ta taɓa kawo mata mummunan labari ba. Anti ta zauna a bakin gado. Da aka dafa shayi, a murfin flas ta sha nata.

Daga ranar ta riƙa zuwa duk ranar hutu. Takan hau da ruwa da kayan shago, ta share ɗakin, ta zauna Mama ta yi ta zuba. Ba ta tayar da maganar aikin zuciyar ba, sai ranar da ta tarar da ita zaune a matakala ta farko, ta kasa hawa, ta kasa komawa, tana jiran duk wanda Allah zai kawo. Anti ta ajiye kayan ta zauna kusa da ita a kan simintin.

"Mama, ni na ga zuciyar nan da idona. Ƙarfi gare ta, ba ta gaji ba. Ƙofar ce kawai." Sannan ta ƙara da cewa, "Wancan karon, da ɗanki ya tafi, ba a tambaye ni ba, waya kawai aka yi mini. Wannan kuwa ina gani."

Mama ta daɗe tana juya sandarta a tsakanin tafukanta. Can ta ce tunda aka kai ga Shiru-shiru ta yi jawabi, ai magana ta ƙare, a gaya wa yaron likitan nan ya wasa kayan aikinsa.

Anti ce ta kira Auta ta gaya mata komai. Auta ta yi kuka, ta yi faɗa don an ɓoye mata, ta ce za ta zo, amma jaririnta bai yi ƙwari ba, kuma wurin aiki ba za su sake ta nan kusa ba. Don haka ranar da aka shiga da Mama, Anti ce ta zauna a barandar masu jira, riƙe da sanda da takalman tsohuwar a leda. Ta sha wuce wannan barandar da farar riga, ba ta taɓa lura da cewa bencin ba shi da wurin jingina ba. Kusa da ita wani iyali ne sun cika benci biyu, suna miƙa wa juna ruwa, suna gardamar wanda zai fara shiga. Wata daga cikinsu ta tambaye ta ko ita kaɗai ce. Ta ce e.

Aikin ya yi kyau. Washegari ta tura na'urar har bakin gadon Mama. Sabuwar ƙofar tana zaune daram a inda aka dasa ta, tana buɗewa sosai, ba ta yoyo. Da ta kunna sautin, ƙarar ta yi laushi. Mama ta ce kafintan ya tashi daga aiki ke nan.

Da aka sallame ta, likita ya ce ta ɗan huta da bene, sai Anti ta wuce da ita gidanta. Ta bar mata gadon, ita ta koma doguwar kujera a falo. Gidan da a da in cokali ya faɗi sai ya razana mai shi, yanzu ya cika da murya. Mama ta san sunan 'ya'yan maƙwabta cikin kwanaki kaɗan, ta san mai shagon da ke tauye awo, ta sasanta wasu ma'aurata a hawa na sama da Anti ba ta ma san suna rigima ba. Ta ce labulen falon ya yi kama da na ɗakin jiran gawa, sai da aka sauya shi. Anti ta fara kallon agogo in yamma ta yi a wurin aiki, har nas ta tsokane ta ko wani ne ya fito.

A waɗannan makonnin ne suka fara maganar marigayin ba tare da kuka ba. Mama ta ba da labarin yadda yana yaro ya kwance rediyon babansa don ya ga mutanen da ke ciki. Anti ta ba da nata, yadda yakan birkita gida yana neman tabarau alhali yana bisa kansa, da yadda yake rera waƙa in yana gyara jarrabawar ɗalibai, da muryar da ko akuya ba za ta yi hassadarta ba. Suka yi dariya har Mama ta dafe cinyar da aka huda tana cewa a yi mata rai.

Ƙarfi ya dawo mata a hankali. Ta fara zagaya ginin, sannan ta fara zuwa shago, wata rana kuma ta manta sandar a bayan ƙofa ba ta tuna ba sai da ta dawo.

Sai Auta ta zo. Ta rungume Anti ta daɗe ba ta sake ta ba, tana kiranta Yaya kamar da, tana cewa ba ta da bakin godiya. Ta zo da takardun tafiyar uwarta a shirye. Ta ce ta gyara mata ɗaki a can, a ƙasa, ba bene; jikoki suna ta tambaya; ba za ta sake kwana da fargabar a kira ta a ce an tsinci uwarta a matakala ba. Babu abin da ta faɗa wanda ba gaskiya ba. Abu ɗaya ya rage, likita ya ce sai an sake hoto kafin ya yarda ta hau jirgi.

Abokiyar aikin ta dawo daga hutu, amma Mama ta ce ita ba mai taɓa mata ƙirji sai 'yarta. Auta ta tsaya a waje tana amsa waya. Anti ta bi ko'ina a nitse: ƙofar, bangon, gudun jinin, gefen da ake tsoron yoyo. Komai yana yadda ake so. Mama, wadda ba ta iya minti ɗaya ba magana, ta yi tsit tun da ta kwanta.

Can ta ce, fuskarta a bango, "Shiru-shiru, ba ki ga wani ɗan abu ba? Ko ƙanƙane, wanda zai sa yaron nan ya ce tafiya ba yanzu ba?"

Muryar ta wasa ce, amma ba ta yi dariya a ƙarshe ba. Hannun Anti yana kan haƙarƙarinta, tana jin bugun a yatsunta. Ta tuna jikokin da ba su taɓa zama a cinyar kakarsu ba, ta tuna Auta da idanunta da suka kumbura.

"Babu, Mama," ta ce. "Ƙofa tana buɗewa yadda ya kamata. Ki je ki ga jikokinki."

Mama ta ce to. Ta tashi zaune da kanta, ta karɓi tsumman ta goge ƙirjinta.

Sun kwashe ɗakin hawa na uku su uku, aka raba kayan ga maƙwabta. Anti ta raka su filin jirgi. Mama ta yi ta ba ta umarni har bakin inda ake tsayar da masu rakiya: ta riƙa cin abinci a zaune, ta riƙa gaishe da matar hawa na sama, ta daina barin fitilar falo a kashe kamar gidan da ba kowa. Ta sa mata albarka, ta kama hannunta ta matse, sannan layi ya ja ta. Ba ta waiwayo ba, Anti kuma ta san hawaye take ɓoyewa.

Suna waya jefi-jefi, don lokacin can da na nan ba ɗaya ba ne. Wata ranar hutu Anti tana wanki a bayan gida sai kiran ya shigo. Mama ta ce lafiyarta ƙalau, likitan can ya duba ya ce aikin ya yi kyau. Tana tafiya har wani lambu kusa da su ba ta tsaya ba. Sai dai garin sanyi, mutanen kuma ba sa amsa gaisuwa. Auta da mijinta tun safe suke fita, yara suna makaranta, in sun dawo ma harshensu daban, sai dai su yi ta dariyar juna. Ta ce yini take a bakin taga tana kallon motoci, ita da aka biya albashi don surutu.

"Yanzu ni ce Shiru-shiru," in ji ta. "Zan riƙe miki sunan nan da kyau, aro na yi."

Anti ta yi dariya, ta ce ita ma tana nan lafiya, aiki ne kawai. Ta so ta ƙara wani abu, tana cikin nemo shi sai ta ji kukan jariri daga can, Mama ta ce bari ta je, ɗan sarkin ya tashi. Layin ya yanke.

Ta tsaya da wayar a hannu har kumfar da ke yatsunta ta bushe. Sannan ta ajiye ta a kan taga, ta koma ta ƙarasa wankin ta shanya. Kayan ba su da yawa, rabin igiya ma ba su cika ba, kafin rana ta karkata duk sun bushe.